Ni da Tumatir

Tun ina ƙarami aka ce mini sanyi maƙiyi ne.
Inna Kyauta ba ta barinmu mu sha ruwan randa da asuba.
Gwiwa ta yi tsami, a ce sanyi.
Ƙugu ya riƙe, a ce sanyi ne ya shige shi,
a hura wuta, a gasa wurin da tsumma,
a sha kunun kanwa yana tururi.
Da wannan karatun na girma,
da shi furfura ta same ni.

Shekara ashirin da bakwai ina dako a Kwanar Gafan.
Gammo ya cinye mini gashin tsakar kai.
Wuyana ya san nauyin tumatir
fiye da yadda harshena ya san ɗanɗanonsa.

Bana ƙungiya ta kafa ɗakin sanyi bayan rumfar awo,
farin akwati, farantan rana a kan rufinsa.
Ka ji ikon Allah, wai rana ce ke dafa sanyin.
Don tumatir aka yi shi, kada ya ruɓe.
Ba a sa ɗan Adam a lissafin ba.

Wata Talata, tsakiyar bazara,
ƙasa na gasa tafin ƙafa ta cikin silifa,
na shigar da kwando na arba'in da uku,
na sauke, na kasa miƙewa.
Haladu mai makulli bai leƙa ba,
ya turo ƙofa, ya tafi alwala.

Sanyin bai yi sallama ba.
Ya fara da kunne, ya ciji yatsu,
ya bi sawun gumi har gadon baya.
A hasken ƙwan fitila ɗaya
na ga numfashina da idona, fari fat.
Na ce, to, yau ga ni ga maƙiyin Inna.
Na karanto duk abin da na haddace.

Sai ƙugun da ke ihu tun hantsi
ya yi tsit,
kamar yaron da aka dafa wa kai.

Muka zauna, ni da tumatir,
babu dillali, babu mai cewa yi sauri,
kowannenmu an ɗaga masa ruɓewa zuwa gobe.

Haladu ya dawo yana salati, buta na rawa a hannunsa.
Na fito, zafi ya rungume ni,
jini ya ɓalle cikin jijiya
kamar an saki ruwan kanal a busasshen fangali.
Daren nan ban juya ba.
Kiran assalatu ma a mafarki na ji shi.

Mudassir ɗan ƙanwata ya nuna mini a waya:
wasu ƙarti 'yan ƙwallo, daga su sai gajeren wando,
tsaye cikin akwati yana hayaƙi.
Ya ce nasu ya ninka namu sanyi,
kuma kuɗi suke biya.
Na yi dariya har ƙugun ya tuna da ni.

Lantana ta ce ranar da na sandare
a kwando za a kawo mata ni.
Malamin asibiti ya ce ba warkewa ba ce, lallashi ne,
kada in daɗe, kuma in rage kaya.
Ban tambaye shi wa zai ɗauki ragowar ba.

Yanzu in la'asar ta yi sanyi, ciniki ya lafa,
nakan miƙa wa Haladu ɓarin goro.
Ya bar ƙofar a sakaye, ya tsaya yana tauna.
Goron na ƙarewa zai ƙwanƙwasa, in fito.

Inna, ki yafe mini.
Har yanzu ba na shan ruwan randa da asuba.
Amma wanda kika hana ni gaisarwa,
shi kaɗai a kasuwar nan
yake taɓa bayana ba don ya ɗora kaya ba.